Biyar ga Wata

Shekara goma sha tara ke nan yana zaune a teburi ɗaya, a lungun da ke tsakanin injin buga takarda da tagar da ba ta buɗuwa, yana duba kalanda kafin a buga ta. Aikinsa ke nan, ba shi da wani. Za a kawo masa shafin gwaji, ya ɗora rula ƙarƙashin layi, ya bi lambobi ɗaya bayan ɗaya da jan biro, ko an tsallake sha bakwai, ko an ba wa Yuni kwana talatin da ɗaya, ko Laraba ta zauna a gurbin Alhamis. Tun daga Agusta maɗaba'ar ke fara buga kalandar shekara mai zuwa, don haka rabin rayuwarsa a shekarar da ba ta iso ba yake yin ta. Abin da ya sa abokan aiki suka laƙaba masa Malam Baɗi ke nan, kuma sunan ya bi shi har masu kawo takarda ba su san yana da wani ba.

Mutum ne mai alfahari da abu ɗaya tak: tun da ya kama aikin, kalanda ba ta taɓa fita daga hannunsa da kuskure ba. Da can yakan faɗi hakan ko ba a tambaye shi ba. Yanzu ya daina faɗi, kamar yadda ya daina abubuwa da yawa.

Matarsa ta rasu a Nuwamban bara, bayan jinyar da ba ta kai sati biyu ba. Mutane sun yaba haƙurinsa sosai, don ko hawaye ba a gani ba. Ba haƙuri ba ne, ya san haka, amma bai gyara musu ba. Abin da ya same shi ya fi kama da ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta: tana nan, ana iya taka ta, sai dai ko an mintsine ta ba ta ji. Yana tashi, yana wanka, yana shiga mota, yana duba lambobi, yana komawa. In an ba shi abinci ya ci, in ba a ba shi ba bai tuna ba.

'Yarsu ɗaya ce, mai shekara tara a lokacin, wadda uwarta ke kira Shalele har sunan ya zauna. Bayan rasuwar da kwana uku, yayar marigayiyar ta haɗa wa yarinyar kaya a jaka ta ce za ta tafi da ita gidanta da ke can ƙarshen gari, na sati biyu, kafin ya dawo hayyacinsa. Ya ce to. Sati biyun nan ne ya haifi wata goma sha ɗaya.

Kada wani ya ce bai yi niyyar ɗauko ta ba. Niyya kam akwai, har a rubuce, a bayan wani shafin gwaji da ya naɗe ya sa a aljihun teburi. Abu huɗu ya lissafa: ya kwashe kayan matarsa daga ɗaki, ya gyara fanka, ya koyi dafa abin da yarinya za ta iya ci, ya ɗauko Shalele. Abin da ya rage kawai shi ne lokacin farawa. A nan ne fa Malam Baɗi ya nuna ƙwarewarsa, don ba a taɓa yin mutumin da ya san aibin kowane wata kamarsa ba.

Wata ranar Talata a tsakiyar Satumba, lokacin shan shayin ƙarfe goma sha ɗaya, aka kashe inji aka zauna a kan damman takarda. Mai-inji ya kunna sigari a bakin ƙofa ya ce, "Ku shaida, ɗaya ga Janairu na bar wannan abin har abada."

Uwar-ɗinki, wadda ke haɗa shafuka tana sa musu ƙarfen rataya, ba ta ko ɗago daga kofinta ba. "Janairu ta nawa ke nan muna shaidawa?"

"Ta shida. Amma wannan da gaske nake."

"Ai watan ne bai karɓe ka ba. Kowa ya fito daga wahalar ƙarshen shekara a gajiye, sannan a ce ya zama sabon mutum? Ka bari sai ranar da aka haife ka, ita ce sabuwar shekararka."

"Ni ban san ranar da aka haife ni ba."

"To ka ga ka huta."

Mai-yanka, wanda ke datse gefen takarda da babbar wuƙar inji, ya ce shi dai Litinin ya yarda da ita, don duk sati tana dawowa, in ka faɗi a wannan ka kama ta gaba. Mai-inji ya ce shi ya sa har yau tumbinka bai san ka fara motsa jiki ba. Aka yi dariya. Sai Uwar-ɗinki ta juya ta ce, "Ku tsaya, ga mai watannin da kansa a zaune muna ta surutu. Malam Baɗi, wane wata ya fi dacewa mutum ya ɗauki niyya?"

Wasa take yi, amma shi da gaske ya amsa, don tambayar ta daɗe tana kwana tana tashi da shi. Ya ce Janairu gajiya ce, gaskiyarta. Fabrairu kuma yara sun yi nisa da karatu, ba a tumɓuke su a tsakiyar zango. Hutun Afrilu da ya yi, ba don zafi ba, ga fanka a lalace. Da damina rufi na yoyo. Agusta kuwa aiki ya kankama, mutum ba ya ganin gidansa sai da duhu.

"Yara kuma?" in ji Mai-inji. "Muna maganar sigari, me ya kawo yara?"

Uwar-ɗinki ta harare shi, ya mayar da sigarinsa baki. Ita ta san inda maganar ta dosa, don ita ce ta raka gawar matarsa daga asibiti. Ta ce a hankali, "To saura wanne?"

"Ina dai dubawa," in ji Malam Baɗi, ya koma teburinsa.

A watannin farko yana zuwa gidan Yaya duk ƙarshen sati, mota biyu yake hawa. Zai zauna a falo a kujerar baƙi, a kawo masa ruwa, Shalele ta zo ta zauna kusa da shi tana nuna masa littattafanta. Fuskar uwarta ce sak, har yadda take cije leɓe in tana neman shafi. Yana kallonta yana jiran wani abu ya motsa a ƙirjinsa, ba ya motsawa, sai kunya ta kama shi, kamar yarinyar za ta leƙa ta ga babu komai a ciki. In zai tafi takan rako shi bakin ƙofa ta ce, "Baba, yaushe?" Shi kuma ya ce bari a gama zangon nan, bari zafi ya sauka, bari ruwa ya ɗauke. Daga duk sati ya koma duk wata. Tun Yuli bai je ba.

A ranar Talatar nan da yamma, yana tsakiyar duba watan Oktoba na wani kamfanin sayar da taya, wayarsa ta yi ƙara. Yaya ce. Mace ce da ba ta iya kwana-kwana ba, ko gaisuwa a taƙaice take yin ta.

"Baban Shalele, an yi wa maigidana canjin wurin aiki. Nesa ne, tafiyar yini guda. Motar kaya za ta zo biyar ga watan gobe."

"To. Allah ya sa alheri."

"Amin. Ba don ka yi min addu'a na kira ka ba. Yarinyar nan fa?"

Injin na ta buga ƙafa a bayansa.

"Ka saurare ni da kyau," in ji ta. "Ni ba na gajiya da ita, 'yar ƙanwata ce, a ɗakina take kwana. Amma ba zan ɗauke maka 'ya in tsallaka da ita wata uwa duniya ba tare da ka san me kake so ba. In kana son ta, ka zo ka ɗauke ta kafin ranar. In ba ka zo ba, na ɗauka amsarka ke nan. Kuma in na sa ta a makaranta a can, ta zauna ke nan, ba na yawo da hankalin yarinya."

"Yaya, ai ina da niyyar..."

"Kar ka faɗa min. Niyyarka ta cika min kunne. Kar ka kira ni ka ce kana nan zuwa, ƙafarka nake son gani a ƙofar gidana."

Ta kashe. Ya daɗe da wayar a kunne. Ya so a ce gabansa ya faɗi, ko ransa ya ɓaci da yadda ta yi masa magana kamar ƙaramin yaro. Ko ɗaya bai samu ba. Amma kansa na aiki ko da zuciya ta ƙi, kuma kan ya gane cewa an ba shi abin da ya kasa ba wa kansa wata goma: rana. Ya sunkuya kan shafin da ke gabansa, Oktoba ce shimfiɗe da hoton taya a sama. Ya nemi biyar, ya same ta ƙarƙashin Litinin, ya zagaye ta da jan biro. Sannan ya ja baya da rula. Juma'a za a miƙa aikin masu taya. Asabar ya gyara ɗaki. Lahadi, huɗu ga wata, ya je ya ɗauko ta. Tsarin ya zauna daram, har ya ɗan ji irin gamsuwar da yake ji in shafi ya fita babu gyara.

Sati biyu da rabi suka wuce yadda kwanakinsa ke wucewa, ba ɗanɗano. Ba wanda ya gaya wa, sai Uwar-ɗinki da ta ga ya tambaye ta yadda ake dafa shinkafa ba ta caɓe ba. Ta dube shi ta saman tabarau.

"Yaushe?"

"Lahadi mai zuwa ta sama."

"Me ya hana yau? Mota biyu ce fa."

"Ɗakin bai shiryu ba."

"Ɗaki take nema ko ubanta?"

Ta girgiza kai ta rubuta masa a guntun takarda: kofi ɗaya na shinkafa, kofi biyu na ruwa, kar ka riƙa buɗe tukunya.

Asabar ɗin ta zo, kuma a yi masa adalci, ya tashi ya yi. Gidan ɗaki biyu ne da ɗan falo a hawa na biyu. Ɗakin ciki bai shige shi ba tun rasuwar, a kujerar falo yake kwana. Ya tura ƙofar, ya tarar da komai yadda aka bar shi: takalminta ɗaya a tsaye ɗaya a kife, kwalbar man shafawa a buɗe ta bushe, allura soke a jikin labule da zare a rataye. Ya tsaya yana jira ko yanzu ne abin zai zo. Bai zo ba. Sai ya ɗauko kwalaye ya fara naɗe tufafi, yana jera su daidai gefe da gefe kamar takarda. Ya share, ya goge, ya wanke taga. Ya sauke fanka ya kai wa mai gyara a bakin titi, ya tsaya a kansa har ya gama, ya dawo ya ɗaura ta, ta juya. Ya sayo sabon zanen gado mai furanni, don bai san abin da 'yan shekara goma ke so ba, mai shagon ce ta zaɓa masa. A saman kabad ya ga kalandar bana a naɗe da roba, wadda ya kawo gida tun Oktoban bara. Matarsa ce mai rataya kalanda a gidan, ta rasu kafin lokacin ratayawa ya yi. Ya ɗaga ta, ya goge ƙurar wurin, ya mayar da ita yadda take.

Da yamma ya dafa shinkafar gwaji. Ya buɗe tukunyar sau huɗu, ta caɓe, ya cinye abarsa a tsaye.

Lahadi da safe, wajen ƙarfe takwas, yana goge takalmi wayar ta yi ƙara. Yaya. Ya dubi sunan har ta tsinke. Ba ita ce ta ce kar a yi maganar waya ba? Ƙafa take son gani, ƙafa za ta gani. Ta sake kira tara da rabi, ta kuma kira wajen sha ɗaya saura. Ya kifa wayar a kan teburi. Ya riga ya yanke cewa da safe ba lokacin zuwa ba ne: ana jajibirin tashi, gida a hargitse, kowa na ɗaure kaya, rai a kusa. Da rana kuma zafi. Wajen ƙarfe huɗu ya fi, an ci abinci, hankali ya kwanta, sai a zauna a yi magana ta mutunci. Mutumin da ya tace watanni goma sha biyu bai samu na kirki ba, ai ba zai shiga yini da ka ba.

Ƙarfe uku ya fita cikin rigarsa mai kyau. Motar farko ta cika da masu dawowa daga ziyara, wata mata ta ɗora masa kwandonta a cinya ba ta tambaye shi ba. A mota ta biyu ya samu gefen taga. Ya yi ta maimaita abin da zai ce: Yaya, na gode, Allah ya saka, na zo in tafi da ita. Gajere ne, babu inda za a yi kuskure.

Gidan Yaya na ƙarshen wani layi ne mai bishiyoyi biyu da famfo a tsakiya. Tun daga nesa ya lura babu labule a tagogi. Ya ce a ransa sun yi saurin sauke su. Ƙofar waje a buɗe take. Ya yi sallama, muryarsa ta dawo masa. Tsakar gida a share tas, ga sawun tsintsiya. Ya leƙa falo ta taga: babu kujerar baƙi, babu komai, sai wurare huɗu masu haske a bango inda hotuna suka zauna, da wata yagaggiyar leda a ƙasa. A ƙofar falon an sa sabon kwaɗo.

"Wa ake nema?"

Tsohuwar da ke gidan da ke jikin nasu ce, ta fito da bokiti a hannu. Ta matso tana ƙanƙance ido. "Au, baban yarinyar ne. Sannu da zuwa. Sai yanzu?"

"Ina wuni, Iya. Sun fita ne?"

"Sun fita kuma? Ai sun tashi. Tun ƙarfe goma sha ɗaya motar ta ɗaga."

"Gobe ne tafiyar," ya ce da ita, cikin muryar da yake nuna wa yaran ofis kuskure. "Biyar ga wata."

"To yau nawa?"

"Huɗu."

"Ɗan nan, ni ban yi boko ba, amma yau jikata ta cika shekara, biyar ga wata aka haife ta. Duba wayarka mana."

Ya ciro wayar. Kullum yana dubanta don ganin ƙarfe nawa, idonsa bai taɓa sauka kan ƙananan rubutun da ke ƙasa ba, don me mai kalanda zai tambayi waya kwanan wata? Ga shi nan ƙarƙashin kira uku da bai ɗauka ba: Lahadi, 5 Oktoba.

Bai ɗauki daƙiƙa biyu bai gane ba, aikinsa ne. Kowace shekara kwanan wata na matsawa gaba da rana ɗaya, in ba an ratsa Fabrairu mai kwana ashirin da tara ba. Abin da ya faɗo Lahadi bana, Litinin zai faɗo baɗi. Abu na farko ke nan da yake koya wa duk sabon ma'aikaci. Shafin da ya zagaye da jan biro, mai hoton taya, na shekara mai zuwa ne. A duk faɗin maɗaba'ar babu kalandar bana ko ɗaya, an rabar da su tun Janairu, bangon cike yake da na baɗi. Shafin ba shi da kuskure ko ɗaya, shi da kansa ya duba shi. Shekarar ce ba tasa ba.

"Zauna," in ji tsohuwar, ganin ya tsaya kamar an dasa shi. Ya zauna a dakalin ƙofar. Ita ma ta kife bokitin ta zauna a kai. Da ta yi shiru da ta kyauta, amma tsofaffi ba sa ganin abu su haɗiye.

"Nan inda kake zaune ta zauna," ta ce. "Tun gari bai gama wayewa ba ta fito da jakarta. Daban ta haɗa kayanta, ba ta yarda an sa su cikin na gidan ba. Masu lodi suka kwashe gado, suka kwashe kujeru, duk wanda ya miƙo hannu wajen jakar sai ta ce a bari, wannan ba da ita za a tafi ba. Innarta ta kira ka, ta kira ka. Direba ya yi ta hon, yana cewa dare zai yi musu a hanya. Mijin ya ce a ƙara minti talatin, aka ƙara. Na kawo mata shayi da burodi, ta ce ta gode, a gida za ta karya."

"Ta yi kuka?"

"Ina fa. Da ta yi, da ya fi min sauƙi. Da innarta ta ce to Shalele, ta miƙe ta ɗauki jakar da kanta ta kai mota. Har ta shiga ta sake fitowa ta zo ta yi min sallama, ta ce Iya a yafe mu. Yarinya mai hankali, kamar babba."

Ya dubi wayar da ke hannunsa. Wannan karon bai tsaya tunanin ko lokacin kira ya yi ba, ya danna. Ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka. Ana jin gurnanin mota da iska.

"Ina jin ka," in ji Yaya.

"Yaya, ina ƙofar gidanku."

"Me kake yi a can?"

"Na zo ɗaukar ta. Na ɗauka gobe ne. Kalandar baɗi na duba."

"Ka duba me?"

Ya sake faɗi. A karo na biyu maganar ta fi muni a kunnensa.

"Kwana goma sha tara na ba ka," ta ce, ba da faɗa ba, a gajiye. "Ka tsallake goma sha takwas ka zaɓi na ƙarshe. Ko da kalandar taka daidai ce, haka ake yi? Ga ta nan, ka gaya mata da bakinka."

Aka ji motsin miƙa waya, sannan numfashi.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya lau, Shalele. Kuna hanya?"

"E."

"Na zo. Ina nan zaune a ƙofar gidan."

"To."

"Kuskure na yi. Ranar ce na ɓata, ba wai na ƙi zuwa ba ne. Na gyara ɗakin. Fanka ma tana aiki. Na sayo miki zanen gado."

"Sannu da aiki, Baba."

Haka ake gaida baƙo. Babu fushi a muryar, babu zargi, ladabi ne zalla, irin wanda ake yi wa abokin mahaifi da aka haɗu da shi a hanya. Ya san muryar sarai, don ita yake yi wa mutane magana da ita wata goma sha ɗaya. Bai san yarinya 'yar shekara goma za ta iya koyon ta ba.

"Zan biyo ku," ya ce da sauri. "Zan roƙi innarki. Gobe zan nemi izini a wurin aiki, in Allah ya yarda ranar..."

"Baba."

"Na'am."

"Kar ka faɗa min ranar."

"Don me?"

"In na san ranar, zama nake yi ina jira. In ka zo dai na gan ka."

Ya ji ta tana cewa Inna ga wayarki, sannan layin ya mutu.

Abin da ya yi wata goma sha ɗaya yana jira, a gaban gawa bai zo ba, a ɗakin matarsa bai zo ba, sai a nan ya same shi, a dakalin gidan da babu kowa. Ba a hankali ya zo ba. Zafi ne, a ƙirji, na baƙin ciki da kunya da son 'yarsa gaba ɗaya, har ya dafe ƙasa da hannu biyu don kar ya kife. Tsohuwar ta dube shi, ta kawar da kai kamar ba ta gani ba, ta miƙe da ƙyar ta ɗauki bokitinta.

"Bari in kawo maka ruwa," ta ce.